Akushin Baba Ari

Tsufa ya sa na manta abubuwa da yawa, har da sunayen wasu jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ɗaga faifan akushin Baba Ari ba. Na so ƙwarai in manta, abin ya ƙi.

Shekarar da fari suka sauka wa Damagaram ne, suka share gonaki tun gero bai ƙosa ba. A lokacin ana ta aikin ɗaga ganuwar Birni, kowace unguwa da rabonta, mutum ya wuni yana cuɗa laka cikinsa a lafe. Ni baduku ne, shekaruna ba su haura talatin ba, kuma a ganina duk Zinder babu mai kaifin idona. In aka shimfiɗa mini kirgi, kafin mai shi ya gama yabon kayansa na nuna masa inda wuƙar fiɗa ta taɓa. Mutane suna yaba mini, ni kuma na kwashi yabon nan na ɗora a kai, na dinga yawo da shi a gari.

Mu shida ne a lungunmu muke ciyayya a zauren Malam Idi marini. Da an sallame magariba kowa zai fito da akushinsa rufe da faifai, a jera, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Haka na taras ana yi tun zamanin ubana. A zauren nan ake jin wanda matarsa ta haihu, da ayarin da ya iso Zango, da wanda aka ga ya rame. In mutum bai fito ba, kafin a wanke hannu an je an ƙwanƙwasa masa. Ban san darajar wannan ba a lokacin, ni dai abin da na sani a wurin shi ne tuwo.

Babbanmu a shekaru shi ne Baba Ari. Asalinsa mutumin Barno ne, ya yi fataucin kanwa da jakuna har gwiwoyinsa suka gaza. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure can wajen Gure, shi kaɗai ne a gidansa. Ana cewa wata 'yar uwar marigayiyar ce ke yi masa girki (ni dai haka nake cewa, ban taɓa tambaya ba). Shi ne mai hirar zauren. In ya ɗauko labarin hanya, da rijiyoyin da suka ƙafe musu, da jakin da ya taɓa cinye masa rawani, har mahauci mai ɗaure fuska sai ya dara. Ni kuwa Ɗan Basilla yake kirana, wai bakina ya fi abin ɗinkina tsini.

Da yunwa ta kai bazara, tuwo ya koma rabi dusa, wasu gidajen ma 'ya'yan hanza na daji ake jiƙawa a ci. Rannan sai Malam Idi ya kawo sabon tsari.

"Daga yau kowa ya miƙo mini akushinsa a rufe," in ji shi. "Zan shiga da su daga ciki in juye a babban akushi, mu ci wuri ɗaya. Bayana ba ya son yawan miƙa hannu."

Kowa ya ce to. Ni ma na ce to, amma idon nan nawa bai ce to ba. Kwana kaɗan na fara aunawa. Akushi shida ke shigewa bayan bango, abin da ke fitowa bai wuce na mutum biyar ba. Na sake aunawa washegari, haka. Sai na lura zauren yana da ƙofa biyu, ɗaya ta waje, ɗaya mai shiga cikin gidan Malam Idi, inda yake da bakuna tara masu jiran abinci. Nan take na gama shari'ata, na kama ɓarawo, na yanke masa hukunci, duk a cikin raina. Har wani daɗi nake ji, don ni kaɗai na gano abin da ya shige wa manya duhu.

Na gaya wa mai ɗakina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Maigida, ka ƙoshi ko ba ka ƙoshi ba, ka bar faifan mutane a inda yake."

"Ke me kika sani a zancen zaure?" na ce mata. Ta ci gaba da tankaɗenta, ni kuma na ɗauka na ci nasara.

Kwana uku ina shirya maganar da zan yi. (Har na gwada ta a gaban wani sirdi da nake yi wa sabuwar fata, kuma sirdin bai musa mini ko kalma ɗaya ba.) Ranar Alhamis, bayan magariba, aka jera akusa a bakin tabarma. Malam Idi ya yunƙura zai kwashe, sai na miƙe tsaye. A zauren nan ba a tsayawa a kan manya, amma na tsaya.

"Malam, yau a nan za a buɗe."

Ya dube ni. "Lafiya, ɗana?"

"Lafiya lau. Sai dai shida ke shiga, biyar ke fitowa. Ban ce kowa ya yi komai ba. Amma zauren nan ƙofarsa biyu, kuma kowa ya san inda ta biyun take zuwa."

Na sa ran zai fusata, ko ya fara rantse-rantse. Bai yi ko ɗaya ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Zauna. Don girman Allah ka zauna, gobe in zo rumfarka mu yi magana."

Mahauci ya ja gefen rigata. Wani ya ce, "Kai, bari." Wannan ya ƙara mini ƙarfi, don na ɗauka duk tsoron dattijo suke yi, ni ne namijin da ke wurin. Na sunkuya na sunkuci akushin da ya fi kusa da ni. Da nauyi, kuma da ɗumi har yana ratsa tafin hannu. Na ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Ku ji nauyi! Wannan kaɗai ya ishi mutum biyu. To ina sauran ke tafiya?"

Na ɗage faifan.

Dutse ne a ciki. Dutse baƙi, irin wanda ke zube ko'ina a gindin duwatsun Birni, an ɗora shi a kan 'yan ganye don kada ya yi ƙara in ana tafiya. Jikinsa duk toka. An binne shi a murhu ne ya yi zafi, don hannun da zai karɓi akushin ya ji ɗumin abinci.

Ban san akushin wa na ɗauka ba sai da na ga babu mai kallon dutsen. Kowa ƙasa yake kallo, sai mutum ɗaya da ke kallona. Baba Ari ya dafa bango ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya zo gabana ya leƙa cikin akushin kamar yau ya fara ganinsa.

"Na yau ya ɗan yi tauri, Ɗan Basilla," ya ce. "Mai girkin ce ta tsufa."

Babu wanda ya yi dariya. Ya karɓi akushinsa da hannu biyu, ya tsaya yana jira. Ban gane abin da yake jira ba sai da ya ce, "Miƙo mini faifaina." Ashe yana hannuna, na ƙanƙame shi. Ya rufe dutsensa, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya fita.

Na tsaya a tsakiyar zaure kamar turmin da aka manta a waje. Da ƙyar na buɗe baki na ce, "Malam, ka sani?"

"Don shi na kawo sabon tsarin nan. Mai yi masa girki ta koma ƙauye tun farkon bazara. Kullum in na shiga ciki sai in ajiye nasa gefe, in an gama in miƙa masa abinsa a rufe."

"Su ma sun sani?"

"Kowa ya sani," in ji shi. "Kai kaɗai ne ba mu gaya wa ba, saboda bakinka."

Ya shiga ya juye akusa biyar ɗin ya fito da su. Aka ce bismillah. Kuma wallahi na ci. Ina kuka a zuci, hannuna yana zuwa akushi yana dawowa. Wannan ma yana cikin abin da har yau in na tuna sai in ji ina ma ƙasa ta tsage.

Da na koma gida na taras labari ya riga ni ta kan katanga. Mai ɗakina ta bar ni na zauna, sannan ta ce, "Tunda yau ranar buɗe-buɗe ce, bari in buɗe maka naka. Rumbunmu ya ƙare tun watan jiya. Garin da nake tuƙa maka, rabinsa matar Malam Idi ke miƙo mini da hantsi. Ta ce kada in faɗa maka, kai mai zuciya ne."

Wato mutumin da na kira ɓarawo a zaurensa, da hatsinsa nake cika akushin da nake taƙama da shi. Da safe na je na durƙusa masa a bakin marina. Hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya ce, "Ni na yafe tun jiya. Ba ni ka ɓata wa ba. Je ka dawo mana da shi."

Na je. Baba Ari ya karɓe ni da lale, ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, yaro ai ba ya rasa kuskure. Na ce to yau muna jiransa a zaure. Ya ce in Allah ya yarda. Bai zo ba.

Muka aika masa da tuwo, ya dawo da shi yadda yake, wai ya riga ya ci. Malam Idi ya je da kansa, liman ya je, mahauci ya kai masa 'yar tsoka. Kowa da fara'a yake karɓarsa, kowa da kayansa yake dawowa. A hankali na gane abin da na fasa. Da dutsen nan Baba Ari yake shigowa zaure a matsayin maƙwabci mai kawo nasa, ya ci, ya yi hira, ya zolayi wanda ya ga dama. Ni na mai da shi mai karɓar sadaka a gaban mutane, shi kuwa ya gwammace yunwa da wannan.

Zauren ma ya mutu. Muna haɗuwa, muna ci, amma babu mai ɗauko labari. Babu wanda ya zage ni ko ya juya mini baya. Da ma sun yi, da na sami sauƙi. Miƙo mini ruwa suke yi, suna ce mini sannu.

Daga baya na sake dabara. Na daina zuwa zaure, na riƙa ɗaukar akushina in je ƙofarsa in zauna, in ce ba na iya ci ni kaɗai. Sai ya zauna kusa da ni yana kallon hanya. Kwana da kwanaki bai sa hannu ba. Yana dai tambayata, "Ayarin Agadas ya iso? Ɗiyar mahauci ta warke? Wa ke zama a wurina yanzu?" Na ce babu mai zama, wurin yana nan. Ranar da na faɗa masa haka ce kaɗai ya gutsuri loma uku, ya ce kanwa ta yi wa miyar yawa, gwanin dukanci bai iya zaɓen kanwa ba. Na yi murna har na kasa barci, na ce gobe zai ci biyar.

Bai kai ga haka ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fara fitar da kai, shi kuma zazzaɓi ya same shi a jikin da babu abin da ya rage a cikinsa. Kwana huɗu ya yi. Saura 'yan kwanaki a fara gasa tumu muka kai shi. Ina cikin masu ɗaukar makara, kuma ban taɓa ɗaukar babban mutum mai rashin nauyi irin nasa ba. Liman ya ce kwanansa ne ya ƙare, na kuma yarda da haka. Amma na san wanda ya hana shi cin abincin watanninsa na ƙarshe a cikin mutane.

'Yarsa ta zo daga Gure karɓar gaisuwa. Ta yi wa mutanen lungu godiya ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina ta fi daɗewa, wai an gaya mata ni ne mai kai masa abinci har ƙofa, Allah ya saka mini. Maƙwabtana suna zaune, babu wanda ya gyara mata. Sun rufa mini asiri a gabanta, ni da na kasa rufa wa ubanta. Na amsa da amin, don ban sami wata kalmar ba.

Yanzu ni ne tsohon lungu, gashi ya yi fari, idon nan kuwa har yau bai daina gane-gane ba. Sai dai duk lokacin da na gano wani abu game da maƙwabci, na ji wayo yana yi mini ƙaiƙayi a harshe, nakan tsaya in tambayi kaina mutum nawa suka riga ni gani suka yi shiru. Yawanci amsar ita ce duk lungun, sai in ja bakina in bi sahunsu.