Yadda Za Ka Kai Iyali Bakin Kogi Ba Tare Da An Gane Ba Ka Iya Iyo Ba

Ɗan'uwa, idan bakinka ya taɓa suɓucewa a gaban 'ya'yanka ka ce kai da ƙuruciya kifi ne, kuma yanzu ga shi an sa ranar tafiya hutu bakin kogi, kwantar da hankalinka. Ka zo wurin da ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka yi kwana uku a otal, ka ci, ka sha iska, ka dawo gida da mutuncinka a bushe.

Ni tela ne, shekarata hamsin da ɗaya, kuma kafin hutun nan ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba. Shekara shida da suka wuce Auta ta ƙi cin abinci, na rasa dabara, sai na ba ta labarin yadda na haye kogi da iyo na ceto ɗan maraƙi. Ta cinye tas. Labarin ya yi ta girma tare da ita. Maraƙi ya zama sa, sa ya zama biyu. Yayyenta sun yi wayo, sun daɗe da daina sauraro na. Ita kaɗai ta rage a duniya da take yarda da duk abin da na faɗa. Yanzu shekararta tara, kuma bana da zafi ya tsananta, mamanta ta samo wani otal a wani ɗan ƙaramin gari, a bakin kogi. Auta ta yi tsalle ta ce, "Baba zai koya min iyo!" Ni kuma na ce, "In sha Allahu."

Mataki na ɗaya: Kada ka ce a'a

Mai ƙin tafiya shi ake zargi. Ka fi kowa murna. Ka tafa hannu, ka ce kai ma ka daɗe kana kewar ruwa. Bayan kwana biyu, kamar abin ya faɗo maka ne kawai, ka kawo shawarar a tafi wurin da akwai duwatsu, saboda yara suna buƙatar sanin tarihi.

Wannan ba zai yi aiki ba, amma ka gwada, don kada daga baya zuciyarka ta ce ba ka yi ƙoƙari ba. Ni da na gwada, matata ko ɗaga kai ba ta yi daga wankin da take yi ba. Ta ce, "Malam, dutse a wannan zafin? Hutu za mu je ko gashi?"

Mataki na biyu: Kira otal ɗin lokacin da babu kowa

Kada ka kira daga gida. Kira daga wurin aikinka, ka rufe ƙofa. Ni a shago na kira, na bar ƙafata a kan keke tana aiki don ƙarar ta rufe muryata. Wata budurwa mai karɓar baƙi ta ɗauka.

"Baiwar Allah, zurfin kogin nan naku nawa ne?"

"Ya danganta da wurin, yallaɓai."

"A inci nake tambaya."

Ta ce ba su taɓa aunawa ba. Ka lura da wannan. Otal ne da ke zaune kusa da abin da bai san tsawonsa ba.

"To, akwai kada?"

"Ko ɗaya babu, yallaɓai, ka kwantar da hankalinka."

"Duba dai da kyau. Ko ƙarami ne."

"Wallahi babu."

Haka ƙananan garuruwa suke, ba su da komai. Da akwai kada guda ɗaya tak, da magana ta ƙare, kai ne uba mai hangen nesa. Tunda babu, sai ka koma kan ɗaki. Za ta yi maka tallan mai baranda, wanda da ka buɗe taga sai ruwa. Ka ƙi. Ka ce kana son na baya, mai kallon janareta. Za ta ce kai ne mutum na farko da ya taɓa neman wannan ɗakin da bakinsa. Ka gode mata.

Mataki na uku: Auna iyalinka

Ka ce za ka yi wa kowa ɗinkin hutu. Idan kai ba tela ba ne, ari tef. Abin da kake nema ba kafaɗa ba ne, ba ƙugu ba ne. Daga dunduniya zuwa ƙofar hanci, wannan ne awon da ruwa ya sani. Na Auta inci arba'in da bakwai. Nawa sittin da ɗaya, da takalmi.

Kada ka kusanci matarka da wannan awon. Ni da na miƙa tef ɗin zuwa hancinta, ta kama shi ta ce, "Riga za ka ɗinka min ko likkafani?"

Mataki na huɗu: Manta da gajeren wando

Ga sauran mutane wannan mai sauƙi ne. Babu wando, babu iyo, sai haƙuri. Amma idan sana'arka irin tawa ce, ka shiga uku. Da na ce ba ni da wandon shiga ruwa, matata ta ce, "Ikon Allah. Ga ƙyallaye har rufin shago." Washegari Auta ta biyo ni bayan an tashi makaranta, ta tona kwandon ƙyallaye, ta zaro wani rawaya mai haske wanda ko daga ƙetaren kogi za a hango mutum. Ta tsaya a kaina har na yanka.

Dabara a nan ita ce ka yi ɗinki sako-sako, yadda da ka sunkuya zai yage. Na yi niyya, Allah ya sani. Amma shekara talatin ina wannan aiki, hannu ya ƙi. Kafin in ankara na bi shi layi biyu, na ƙara ƙarfi a tsakiya. Jikokina za su riga wandon nan tsufa.

Mataki na biyar: Shuka ciwo da wuri

Ciwon da ya zo ranar iyo ƙarya ne, kowa ya sani. Fara kwana uku kafin tafiya. Kunne ya fi, don ba a ganin cikinsa kuma ba ya son ruwa. Cusa auduga, karkata kai, riƙa cewa "Na'am?" sau biyu.

Abu ɗaya: tuna wane kunne ne. A mota matata ta dube ni ta ce, "Jiya ba na hagu ba ne?" Idan haka ta same ka, kada ka daburce. Ka ce irin wanda yake yawo ne, likitoci ma yana ba su wahala.

Mataki na shida: Da isa, raina kogin

Ajiye jaka, tafi bakin ruwa, tsaya nesa kaɗan, goya hannu a baya. Yi shiru na minti ɗaya kamar mai tuna abokan da suka rasu. Sannan ka yi tsaki.

"Wannan ne kogin? Mu irin wannan ƙafa muke wankewa a ciki."

Kada ka bari idonka ya daɗe a tsakiyar, inda ruwan yake yin duhu yana juyawa a hankali. Ni na kalla, sai da na nemi banɗaki.

Daga nan sai doka. Duk gwanin iyo ya san ba a shiga ruwa sai an yi awa uku da cin abinci. Faɗi wannan da murya mai nauyi. Sannan ka tabbatar yarinya ta ci wani abu duk bayan awa biyu. Biskit, ayaba, burodi da shayi, duk abin da hannu ya kai. Da wannan kaɗai na cinye ranar farko. Rana ta biyu na ce ina nazarin yadda ruwan yake tafiya, don malamin kirki ba ya jefa ɗalibi a ruwan da bai karanta ba. Na zauna a kujerar roba a ƙarƙashin bishiya, da safa da takalmi, ina gyaɗa kai. Auta ta zauna a matakalar siminti da ke gangarawa cikin ruwa, sanye da kayan iyonta, tana jira in gama karatu.

Mataki na bakwai: Guji mai kwale-kwale

Kowane otal na bakin kogi yana da shi. Tsoho ne, busasshe, ba ya gaggawa, yana zagawa da baƙi a jirgi. Kada ka gaishe shi. Kada ka yarda ku haɗa ido. Matarka zato take yi, shi kuwa sani yake yi.

Namu ya same ni da yamma a kujerata. Ya tsuguna yana kwance igiya, bai ko dube ni ba.

"Malam, an ce kai ne mai shanu."

Auta ta riga ta kai masa labari.

"Ƙuruciya ce," na ce, ina taɓa auduga.

"Shekara arba'in ina ganin mutane a gaɓar nan. Wanda ya iya, da ya iso yake cire takalmi bai ma sani ba. Kai tun jiya tudu kake waiwaya."

A irin wannan hali, sayi bakinsa. Na ce zan yi masa riga da wando, yadi mai kyau, aljihu uku. Ya yi dariya har da tari.

"Ni ina zan kai aljihu uku? Ba zan faɗa wa kowa ba, ba ruwana. Amma yarinyar can ta daina kallon kogin. Kai take kallo."

Mataki na takwas: Kada ka zauna kusa da ita

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Safiyar rana ta uku, saura 'yan awoyi ka tsira. Yarinya ta daina roƙo. Za ka gan ta a matakala, ta haɗa gwiwa da ƙirji, ta ƙi karɓar biskit. Wuce abinka. Tafi ka duba tayar mota. Tafi ka yaba wa janareta.

Ni na zauna.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Baba, ba komai, na gane."

Na ce, "Me kika gane?"

"Ni ce ba zan iya ba, ko? Shi ya sa ba ka so ka ɓata lokacinka. Ai malamarmu ma ta ce ba na saurin ɗaukar abu."

Ɗan'uwa, na shirya wa kada, na shirya wa matata, na shirya wa tsoho. Ban shirya wa wannan ba. Na zare audugar na riƙe a hannu.

"Auta, ban iya iyo ba."

"Ka manta?"

"Ban taɓa iyawa ba."

Ta juyo ta dube ni. "Shanun fa?"

"Babu shanu."

"Maraƙin?"

"Ko kaza babu."

Daga bayanmu, daga kan kujerar robata, na ji muryar mamanta: "Alhamdulillahi. Shekara shida ina jiran shanun nan su nitse."

"Dama kin sani?"

"Haba Malam. Mutumin da ko fuska zai wanke sai ya toshe hanci? Kana tsammani don kifi na zaɓi bakin kogi?"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon yatsun ƙafarta a cikin ruwa, ni kuma ina jin kamar a ce in tashi in bi motar haya in koma shago. Can ta ce, "To ni wa zai koya min?" Sai ta ƙara da cewa, "Kai fa, wa zai koya maka?"

Kafin in buɗe baki ta miƙe tsaye ta ƙwala kira: "Kaka mai jirgi! Mu biyu ne!"

Ta sunkuyo ta rage murya. "Je ka sa wandon. Kuma don Allah, Baba, kada ka yi kuka a gaban mutane."

Mataki na tara: Idan abin ya kai ga haka

Babu hanyar da magidanci zai kwanta rub da ciki a tafin hannun tsoho da mutunci. Na nema, babu. Zai ce, "Saki jikinka, Malam, ka sandare kamar katakon guga." Za ka saki, ruwa ya shiga ta hanci ya fito ta inda ka ce yana ciwo. Za ka kira sunan Allah, ka haɗiye rabinsa. Baƙin otal za su fito baranda da kofunan shayi. Wata mata za ta tafa maka.

Yarinyar da aka ce ba ta saurin ɗaukar abu, kafin azahar ta yi iyo hannu huɗu ita kaɗai, ta miƙe tana haki tana cewa, "Baba, ka gani? Ƙafa za ka riƙa bugawa, ba ihu ba!" Mamanta ta je ta ƙara mana kwana ɗaya ba tare da ta tambaye ni ba.

Sanarwa

Tsarin nan ba shi da aibi. Duk wanda ya bi shi har mataki na takwas zai dawo a bushe, kuma 'yarsa za ta dawo tana ganin ita ce ba ta isa ba. Wannan tsakaninku ne, kada ka ambaci sunana. Haka kuma ba ni da alhakin ruwan da ka sha, ko hoton da surukanka za su gani a waya, ko ciwon kunne na gaske. Mai ƙorafi ya same ni gobe da safe a bakin matakala, amma ya jira daga tudu kuma ya kawar da kai, don Auta ta ce gobe tsohon zai cire hannunsa.