Rasuwar Dogo, Ƙwan Lantarkin Falona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa a gaskiya takaici ne da tashin zuciya, ni Malam Zayyanu Tela na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, a madadin kaina ni kaɗai tunda iyalina sun ƙi sa hannu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dogo, dogon ƙwan lantarkin nan fari da ya shekara goma sha ɗaya a manne da silin falona. Ya rasu ranar Talata bayan azahar, kwana uku da haihuwar jikana na fari.

Marigayin mai haƙuri ne, wannan ba zan ɓoye ba. A ƙarƙashinsa na yi aikin wuyan riguna da ban san adadinsu ba. Bai taɓa kamawa da gaggawa ba. In an danna makunni sai ya yi ƙyal, ya ɗauke, ya yi ƙyal-ƙyal, ya yi tunani, sannan ya buɗe ido ya fara karatunsa, zzzzzz, har sai an ɗauke wuta. Na saba da wannan ƙara har in babu ita zare ba ya shiga mini allura. Shekara shida ina fama da ciwon kai da yajin ido. Na zargi rana, na zargi man ja, na zargi wani maƙwabci da ba ya amsa sallama da kyau, na canza tabarau sau biyu. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai na zargi wanda ke ƙifta mini ido a bisa ba.

Jinyarsa ta yi tsawo. Kawunansa biyu suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, haskensa ya koma na mai ciwon shawara, duk wanda ya zauna a falon sai ka rantse daga gadon asibiti ya taso. Surukina Abdussamadu, mijin 'yata Nuriyya, duba-gari ne, kuma yaro ne mai ladabi. Bara ya kawo mini ƙananan ƙwayaye uku na zamani a kwali, ya durƙusa ya ce a sauke tsohon a hankali tun bai fashe ba. Na gode masa, na sa masa albarka, na ajiye kwalin a kan kabad. Ni ina da maganina: in Dogo ya yi gardama, sai in ɗauki sandar awo in ɗan taɓa masa ƙeya, nan take ya farfaɗo.

Ga yadda ajali ya zo. Nuriyya ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya ranar Asabar, namiji, ɗakinta kuwa ƙofarsa a cikin falon take. Aka shirya suna a gidana, Abdussamadu ma ya raɗa mini a kunne cewa takwara zai yi mini. Na fito da shinkafar ranin da na noma da hannuna a fadamar Zauro, wadda na hana kowa taɓawa sai wannan rana. Mai ɗakina Sauda ta wanke, aka niƙo gari tiya goma sha biyu na masar suna, ta shanya a tsakar gida. Ranar Talata hadari ya taso daga gabas. Aka kwaso garin a guje aka baza a tabarma a falo, aka rufe tagogi ruf saboda iska kada ta bugi mai jego. Ɗaki ya yi duhu. Na danna makunni, Dogo ya yi ƙyal, ya yi ƙyal, ya tsaya. Na ɗauko sandar awo.

Kalmarsa ta ƙarshe ita ce tas!

Gilashi ya zubo, wata farar ƙura ta biyo baya ta sauka a hankali a kan farin garina, ba ka iya cewa ga wannan ga wancan. Sauda ta riƙe baki ta ce, "Malam, wanga gari hwa ya ɓaci." Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce, "Ƙwai na yaf hwashe, ba guba ba. A tankaɗe." Abin da ya cuce ni ke nan, sunan ƙwai da muka ba shi. Tun ina yaro na san ƙwai in ya fashe a tsince ɓawo a ci gaba da girki. Na ɗauki tsintsiya na share falon da ƙarfi, ƙura ta tashi ta cika ɗaki, tagogi a rufe, jinjiri yana barci taku huɗu daga wurin. Sauda ta tankaɗe garin sau biyu da rariyar laushi, ina tsaye a kanta ina nuna mata gilashin da ya rage a rariya, ina jin kaina mai dabara.

Bayan la'asar Abdussamadu ya shigo a jiƙe. Ya dubi silin, ya dubi tsintsiya, ya dubi hannuwan surukarsa fari fat har gwiwar hannu. Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe tagogi duka, ya shiga ya naɗe ɗansa a zane ya fita da shi zaure, Nuriyya na biye da shi tana kuka. Sai daga can ya ce, "Baba, gilashi rariya ka tarewa. Zaiba na cikin wanga abu, kuma tun sa'adda yaf hwashe kuke shaƙatta, ku da jinjiri."

Zaiba! Guba ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina goge masa ƙura da gefen rigata, ina yabonsa gaban baƙi, ashe abin da ya ƙunsa a ciki ke nan. Har yanzu in na tuna na dangwali garin nan da yatsa na kai baki don in nuna wa Sauda ba komai, sai in tashi in kuskure baki. An kai yaron asibiti, likita ya duba ya ce bai ga abin tsoro ba, a dai sa ido. Mun gode wa Allah. Amma daga asibiti ba Badariya mota ta nufa ba, Gesse ta wuce, gidan iyayen Abdussamadu. Washegari Sauda ta ɗaure tandar masarta a ɗankwali ta bi su.

Marigayin ya rasu ya bar sitata ɗaya, 'yar na'urar da ke tayar da shi, wadda yanzu ba ta da amfanin kowa, da tsaka biyu da suka yi ƙiba da ƙwarin da yake tara musu, da ƙaninsa na kicin wanda yanzu ba mai yarda ya gifta ta ƙarƙashinsa. Ya bar ƙananan ƙwayaye uku a kwali, sababbi fil, suna kallona daga kan kabad. Ciwon kai kuwa ya bi shi, kwana uku ke nan ban ji ɗuriyarsa ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Game da jana'iza, ba wanka, ba likkafani. Na so in turbuɗe shi a gefen gonata a Zauro, Abdussamadu ya aiko cewa ƙasar da ke ba mu shinkafa ba ta yi mana laifin komai ba. Wani ya ce a jefa a gulbi, na tuna ƙanwata a Argungu da kifin gulbin nan take ciyar da gidanta. Bola akwai awaki, wuta kuma an ce ta fi duka muni. Na tambaya ko'ina inda ake karɓar irin wannan gawa, ban samu ba tukuna. Don haka an saka shi a tsohon bokitin fenti, an liƙe murfi, garin suna tiya goma sha biyu yana gefensa a ɗaure cikin buhu biyu, tare da tsintsiya da rariya da tabarma. Sandar awo ma na haɗa.

Za a yi zaman makoki gobe Asabar da hantsi a ƙofar gidana. Ba wanda ya hana ni zuwa Gesse, kunya ce ta ɗaure mini ƙafa, ba zan iya zama gaban surukaina ana miƙo mini masar shinkafar kasuwa ba. Masu ta'aziyya ba za su rasa wurin zama ba, rumfar da na sa aka kafa ta suna tana nan da kujerunta duka. Kada a zo da abinci, kada a taɓa bokiti. Wanda kuma ya biyo ta Gesse, don Allah ya tsaya ya saurara da kyau, ya zo ya gaya mini sunan da aka raɗa wa yaron.