Ɗaya ga Janairu, Biyu da Minti Goma

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na shimfiɗa taswirar taurarina a kan teburin mutumin da nake neman auren 'yarsa, tsakanin kwanon tuwon shinkafa da na miyar taushe. Ba wanda ya sa ni. Da hannuna na zaro ta daga aljihun kwat, har ina gyara mata gefe don kada ta yamutse.

Ƙarshen shekarun 1980 ne. Ina karatun ƙididdigar gine-gine a London, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Dagenham, kwana uku a mako kuma ina aikin jera fayil a ofishin council, wato ƙaramar hukuma. A teburin da ke kusa da nawa akwai wata Baturiya mai suna Pauline, ta haura hamsin, mace mai kirki ƙwarai, sai dai ba ta gaisawa da mutum sau uku ba ta tambaye shi ranar haihuwarsa ba. In injin kwafi ya lalace, sai ta fara duba inda taurari suke kafin ta kira mai gyara.

Ranar da ta tambaye ni, ban ko ƙifta ido ba na ce mata ɗaya ga Janairu. Haka yake a fasfona, haka a takardar firamare, haka na rubuta a babban ofishin shige da fice na Croydon inda ba a wasa. Abin da mutum ya rubuta sau ɗari, har ya yi rantsuwa a kai a gaban alƙali, zuciyarsa ma takan gaji ta yarda.

"Ƙarfe nawa?" in ji ta.

To, a nan ne na fara haƙa wa kaina rami. A shekarar da aka haife ni babu agogo a gidanmu, ban ma tabbata akwai a gidan mai unguwa ba. Amma ina zan iya gaya wa Baturiya haka? Na ɗaga kai na dubi agogon bangon ofis, na ga ƙarfe biyu.

"Biyu na rana," na ce.

"Cif?"

"Da minti goma." (Na ƙara minti goman ne don maganar ta yi kama da gaskiya.)

Sai ta ɗauko littafin taswirar duniya ta ce in nuna mata garinmu. Muka duba, muka duba, babu ƙauyenmu babu dalilinsa. Ta ce ba komai, za ta sa Kano. Tsakaninmu da Kano tafiyar rabin yini ce a babbar mota, amma na gyaɗa kai, don ni ma na daɗe ina cewa ni ɗan Kano ne.

Mako biyu matar nan ta yi tana aikin, duk lokacin hutun cin abincin rana. Tana da wani ƙaton littafi cike da lambobi, da rula, da kamfas, da alƙaluma kala-kala. Ranar da ta gama ta ajiye mini takarda mai da'ira, an raba ta gida goma sha biyu kamar an ɓare lemo. Ta ce tauraro shi ne abin da ke motsa mutum, gida kuma shi ne ɓangaren rayuwarsa da abin zai sauka. Gida na ɗaya kai ne da kamanninka, na biyu aljihunka, na huɗu iyaye da asali, na bakwai aure, na tara doguwar tafiya da neman ilimi, na goma aiki da suna, na sha biyu kuma abin da mutum ke ɓoyewa. (Wannan na ƙarshen ban tsaya tambaya a kansa ba.) Rana ita ce ainihin mutum, Wata zuciyarsa, Zuhura ƙauna, Zuhalu kuwa haƙuri ne da jinkiri.

Ta ɗora bakin alƙalami a gida na tara. "Ga Ranarka nan. An haife ka ne don ka ƙetare teku neman ilimi."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa matar nan kullum tana ganina da jakar littattafai, kuma ta san ba a Dagenham aka yanke mini cibiya ba. Ta ce Zuhalu ma yana nan kusa da Ranar, shi ya sa karatuna ke tafiyar hawainiya. Nan take na yafe wa kaina jarrabawar da na faɗi sau biyu. Sannan ta yi murmushi ta nuna gida na bakwai, ta ce Zuhura na zaune a ciki, aure mai daɗi na jirana.

Ni kuwa a lokacin ba abin da nake son ji a duniya kamar wannan. Akwai Hadiza, 'yar wani likita Bakatsine da ya shekara ashirin a Croydon. Ina son ta so na gaske, irin wanda in na tuna zan iya rasa ta sai abinci ya fita raina. Ita ma ba ta ƙi ni ba, amma ta gaya mini a fili cewa sai mahaifinta ya yarda, shi kuma abin da yake son sani ɗaya ne: me nake nufi da rayuwata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuma tsoronsa nake ji har cikin ƙashina.

Na san da malaminmu na allo zai ga takardar nan, duba zai kira ta, kuma da bulala zai yi mini bayani. Sai na lallashi kaina cewa duba a kan yashi ake yin sa, wannan kuwa da rula aka ja, ai lissafi ne.

Ana cikin haka ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, ta zo London aikin yanar ido, ta sauka a wajena. Da Dakta ya ji, sai ya ce in kawo ta cin abincin rana ranar Lahadi, su ga wani babba daga danginmu. A cikin jirgin ƙasa na roƙe ta abu ɗaya: kada ta kira ni da sunan da ake kirana a gida, ta yi amfani da sunana na yanka. Ta ce to. Idonta ɗaya a rufe yake da bandeji, ɗayan yana kallon taga.

Aka gaisa, aka yi sallar azahar, aka zauna a tebur. Ban kai loma uku ba Dakta ya goge hannu ya dube ni ta saman tabarau.

"To, malam, bayan karatu sai me?"

Ina da amsa mai hankali, kwana uku ina bitarta a gaban madubi. Amma da ya ƙura mini ido sai ta gudu. Hannuna ya shiga aljihun kwat da kansa.

Na yi minti goma ina bayani, kuma Allah Ya sani ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Na zagaya da su gidaje sha biyun nan kamar dillalin da ke nuna wa mai haya ɗakuna. Na nuna Rana a gidan tafiya da ilimi. Na nuna Zuhalu, na ce shi ne dalilin ɗan jinkirin da ake gani a karatuna, amma mai shi yakan kai gaci daga baya. Da na zo gida na bakwai na sassauta murya, na saci kallon Hadiza. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana kallon cokalinta kamar ranar ta fara ganinsa.

Dakta ya ɗauki takardar ya ɗaga ta sama, yadda yake duba hoton ƙirjin majinyaci.

"Duk wannan daga ranar haihuwa?"

"Rana da sa'a da wuri, ranka ya daɗe. Kuskuren 'yan mintoci ma yana iya sauya wa tauraro gida."

"Ikon Allah. Taka ranar fa?"

"Ɗaya ga Janairu, ƙarfe biyu da minti goma na rana."

Gwaggo, wadda tun ɗazu tuwonta kawai take ci, ta juya wajen Dakta. "Alhaji, wai Janairu wane lokaci ne a wajenmu?"

"Tsakiyar ɗari ne, Hajiya. An gama kaka an kai hatsi rumbu."

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. Ta juyo da idon nan ɗaya ta ɗora shi a kaina.

"Anaruwa," in ji ta, "yaushe aka fara ruwa da ɗari a garinmu?"

Sunan ke nan da na roƙe ta a jirgi. Shekara da shekaru ana kirana da shi, kowane Bahaushe ya san yaron da aka haifa ana tsaka da ruwan sama ake sa wa shi, amma ban taɓa ajiye shi kusa da fasfona na dube su tare ba. Ni da nake karatun ƙididdiga.

"Gwaggo, ai takarda ta ce..."

"Takarda tana wurin? Ni ina wurin. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, ungozoma ta kasa ƙetarowa, ni na karɓe ka da hannun nan. Gero ya fara fid da kai. Bayan la'asar ne sakaliya, kaji sun fara shiga akurki." Ta juya wajen Dakta, don ta ga ta samu mai sauraro. "Ubansa ɓoye shi ya yi yana kiwon awaki, sai da mai unguwa ya matsa aka kai shi boko. Hedimasta ya jera su, kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, ya rubuta musu rana ɗaya su duka. Shi wannan hannunsa har wuce kunnen ya yi."

Na ce a raina ta gama. Ashe numfashi ta tsaya yi.

"Ai ranar da aka ba da mulkin kai da ƙafarsa ya bi makaɗa har bakin kasuwa, ba ko wando. Ni na je na ɗauko shi. Shekararsa huɗu."

Bisa ga fasfona, a ranar watana tara a duniya.

Hadiza ta ɗago kai. Na ga leɓɓanta suna motsi, tana lissafi. "Daddy, twenty-eight ya ce mini," in ji ta a hankali. "Thirty-two ke nan fa."

Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, kafet ne mai kauri.

Dakta ya ninke takardar daidai kan layin da na ninke ta, ya miƙo mini. Fuskarsa ba dariya ba fushi.

"Ni ma ɗaya ga Janairu ne," ya ce. "Ni da duk 'yan ajinmu. A cikinmu akwai alƙali, akwai mahauci, akwai wanda ya yi aure bakwai bai zauna da ko ɗaya ba. Ban san a wane gida Zuhurarsa ta sauka ba." Ya gyara tabarau. "Na tambaye ka, bayan karatu sai me?"

Ba sauran abin ɓuya, don haka na faɗi gaskiya. Na ce na faɗi jarrabawa sau biyu, kuma ba tauraro ya kayar da ni ba, rashin karatu ne. Na ce saura mini dama ɗaya, in na ci zan nemi aiki, in ban ci ba ban san abin da zan yi ba. Na ce ina son 'yarsa, kuma tsoronsa ne ya sa na zo da takarda maimakon in zo da bakina.

Dakta ya dubi kwanon tuwon. "Da da wannan ka fara, da tuwo bai huce ba. Ci jarrabawarka ka dawo."

Gwaggo ta ce a miƙo mata yaji.

Hadiza ta yi mako uku ba ta ɗaga wayata ba. Na zaci shekaru huɗun ne suka ɓata mata rai, har na shirya dogon ban haƙuri a kansu. Da ta ɗaga sai ta ce, "Shekarun ba ruwanka, hedimasta ne ya yi maka. Minti goman nan fa? Wannan kai ka yi creating da kanka." Wannan karon dai ban ƙirƙiro wata amsa ba.

Na je na gaya wa Pauline komai, don aikinta na mako biyu ya tsaya mini a rai. Ta daɗe tana kallon da'irar, sannan ta ce taswirar lafiyarta ƙalau, sai dai ba tawa ba ce. Ta wani bawan Allah ce da aka haifa a Kano ranar ɗaya ga Janairu, biyu da minti goma, kuma tana yi masa fatan alheri a aurensa.

Na ci jarrabawar a karo na uku, da guntun maki a sama da layi. Dakta ya cika alkawari. Tun daga shekarar da aka ɗaura mana aure, ɗaya ga Janairu takan zo ta wuce Hadiza ba ta ce mini komai ba. Amma duk ranar da aka yi ruwa bayan la'asar, sai ta leƙa taga ta ce, "Anaruwa, barka da zagayowar ranar haihuwa." A London muke zaune. Wani makon sau huɗu ake haihuwata.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin mutum ya tambayi Baturiya inda taurari suke ranar da aka haife shi, ya fara tambayar gwaggonsa inda shi yake.