Rasuwar Ɗan Rakiya, Mai Riƙe da Awon Mutane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi a samansa, Alhaji Tambari Tela na bakin Hubbare a Sakkwato yana sanar da 'yan uwa da masu kawo ɗinki rasuwar Ɗan Rakiya, wanda masu boko ke ce ma databes, wato rumbun ajiya na cikin kwamfutar shagonsa. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar azumi.

Ga wanda bai san marigayin ba, kada ya damu, Alhaji ma bai san shi ba sai da ya mutu. Tun zamanin da kuɗin fetur sunka shigo gari, Alhaji a bangon shago yake rubuta awon mutane da gawayi, kuma duk Sakkwato ta sani ba ya auna mutum sau biyu. Bara ɗansa Tukur ya matsa, anka sayo kwamfuta. Malam Siddiƙu mai gyaran kwamfuta ya taso daga Kwalkwalawa da faifai guda, ya zuba furogiram ɗin ɗinki. Ashe cikin faifan nan su biyu ne, amarya da ɗan rakiyarta. Amarya ta fito fili da fuska mai kyau. Ɗan rakiya ya lallaɓa ya shige ƙurya, babu sallama, kuma Siddiƙu bai gabatar da shi ga maigida ba. Wannan rashin ladabi, a ganin Alhaji, shi ne asalin ciwo.

Marigayin mai riƙon amana ne. Wuya, kafaɗa, hannu, tsawon wando, duk abin da anka kwafo daga bango shi ya haɗiye, sannan anka shafe bangon da farar ƙasa. Ya san faɗin tumbin wani kantoma kafin soja su ba shi kujera, ya san faɗinsa bayan nan, bai taɓa gaya wa kowa ba. Maganarsa ba ta wuce "ƙirr, ƙirr, gurrr" in ana nemansa. Ko masu wuta sun ɗauke, ya suma, in an dawo da ita yakan farfaɗo da hankalinsa.

Ajali ya zo ta hanyar nawar aiki. Kwamfuta ta fara jan jiki da safe. Tukur ya leƙa ciki, ya shaida wa mahaifinsa akwai wani a baya, kullum a farke, yana cin ƙarfin injin, ba a ganin aikinsa. Alhaji mutum ne da ba ya ciyar da wanda bai gaishe shi ba. Ya ce abu guda ya saya, a fitar da na biyun. Kwamfuta ta tambaya ko an tabbata. Ta sake tambaya. Alhaji ba a tambayarsa sau biyu. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "tin".

Siddiƙu ya zo da la'asar, ya duba, ya cire hula, ya mayar.

Ɗan Rakiya ya rasu ya bar amaryar da ya rako, furogiram, wadda har yanzu tana buɗewa da kwalliyarta, amma ko sunan Alhaji ba ta sani ba. Ya bar firinta, mai aman farar takarda. Ya bar tarin shadda da yadi har rufi, ba a san na wane jiki ba ne, ga Sallah ta doso. Hajiya Kaltume, uwargidan Alhaji, ta ce tun farko ita bango ta fi yarda da shi. An roƙe ta ta bari sai an share makoki.

Babu wanka, babu likkafani, tunda ba a ga gawa ba. Za a yi zaman makoki a shago kullum da safe har jajibirin Sallah. Ba a karɓar wakili, ba a karɓar saƙo. Duk wanda ya san yana da yadi a wurin Alhaji ya zo ta'aziyya da jikinsa, ya tuɓe babbar riga a bakin ƙofa, ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. Kantoma na iya biyowa ta ƙofar baya. Wanda ya ce ai an taɓa auna shi, ya ɗauki yadinsa ya yi Sallah da zane.

An sayo gawayi.