Ranar da Na Kafa Tuta a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ci ƙasar Amurka da yaƙi a bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, da rundunar 'yan aji huɗu.

Lokacin ina sabon malamin Tarihi a wata sakandare, kaina na hayaƙi, gani nake duk malaman da na tarar ba su iya koyarwa ba. Darasin makon shi ne yadda Turawan Fotugal da na Sifen suka bazama cikin teku neman hanyar Indiya, don su sayo kayan yaji ba sai ta hannun dillalai ba. (Ka ji fa, mutum ya bar iyalinsa ya hau teku saboda masoro da kanumfari.) Wani da Sifen ta tura, Kolombos, ya faɗa wata ƙasa daban, wato Amurka, yana zaton Indiya ce. Ya tarar da mutane da gidajensu da gonakinsu, amma ya kafa tuta ya ce shi ya gano ta, kuma daga ranar ta zama ta sarkin Sifen. Na yi bayani har muryata ta dushe, yara kuwa sai gyangyaɗi, don lokacin ɗiban tumatur ne, yawancinsu daga gona suke wucowa aji.

Sai na ce to, gani ya kori ji. Gobe za mu fita mu yi shi a aikace.

Kafin in ci gaba, ya kamata ka san cewa a ƙarshen makon nan ne kawunnaina za su je gidan Malam Idi nema min auren 'yarsa Rabi. Gidan na san shi kamar yunwar cikina, dakalin ƙofar gidan ma ya san ni. Gonarsa ce kawai ban taɓa tambayar inda take ba.

Da yake ba ni da hular ƙarfe irin ta sojan Sifen, sai na ari hular kwano ruwan ɗorawa ta yayana mai aikin gini, na haɗa da rigarsa mai walƙiya don in yi kwarjini. Guntun fayif ɗin ban ruwa ya zama madubin hangen nesa. Jan ƙyalle a kan gora ya zama tuta. Yara suka riƙe doguwar igiya, wai jirgin ruwa ke nan. Kanal shi ne teku, muka ƙetare shi ta ƙaramar gada ba tare da mun yi asarar rai ko ɗaya ba.

A tsallake na zaɓi gonar da tumatur ɗinta ya fi na kowa kyau, don in nuna wa yara cewa shi kansa tumatur daga can ƙasashen aka kawo shi. Na leƙa gabas da yamma ta cikin fayif, yara suka miƙe igiya a gefen kunya, na caka tuta a ƙasa, na soma sanarwa da Turanci iya ƙarfin muryata.

To, a yankinmu ko jariri ya san fassarar mutum mai hular kwano da riga mai walƙiya, yana leƙe ta cikin wani abu, ana jan igiya a gefen gona, ga jan ƙyalle a kafe. Masu awon filaye sun zo, gona ta tafi. Ni ma ɗan yankin ne, na san haka sarai, zumuɗi ne ya rufe min ido.

Matan da ke ɗiba a gonar kusa suka watsar da kwanduna suka nufi gari. Ni kuwa na ɗauka kunya ce ta kama su. Ban kai ƙarshen sanarwa ba sai ga jama'a, wasu a babur, wasu a ƙafa, da fartanya da sanduna. A gabansu wani dattijo ne ba hula ba takalmi, yana haki. Malam Idi.

"Wa ya aiko ku?" in ji shi.

Sai monitan ajin, wanda a rayuwarsa bai taɓa amsa tambaya daidai ba sai ranar, ya ce, "Sarkin Sifen ne, Baba."

"Sarkin ina?"

Wani daga baya ya ce, "Sabon kamfani ne, na ji labarinsu."

Nan wuri ya kaure. Na ga sanda ta fara tashi sama, na yi maza na cire hular kwano don a gane ni. Da na sani da na bar ta, don duka ya fi abin da ya biyo baya sauƙi. Malam Idi ya ƙura min ido, ya dubi tuta, ya sake dubana.

"Ba kai ne malamin da ke zuwa wajen Rabi ba? Ashe gonar kake nema, yarinyar tsani ce."

Haka aka tasa ni gaba zuwa ƙofar dagaci, da rigata mai walƙiya, fayif a hannu, ɗalibaina na biye suna dariya ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na kwashe labarin Kolombos tun daga farko. (Ban taɓa samun aji mai natsuwa irin wannan ba.) Da na gama, dagaci ya ce, "To Malam, su masu ƙasar can, an biya su diyya?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Sai aka yi yaya da su?"

"An kashe wasu, cutar da baƙin suka zo da ita ta kashe da yawa, wasu aka sa su aikin dole a ramin zinariya da azurfa."

Na saci kallon Malam Idi. Gonar nan ita ce cinsa, ita ce suturar 'ya'yansa, kuma tun daga gida har bakin kanal ya yi gudu ne yana ganin ta tafi. Wallahi kunyar da na ji a nan ta fi ta hular kwano.

Malam Idi ya ce, "Duk mutanen da ke cikin labarin nan, ka rasa wanda za ka zama sai ɓarawon?"

Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Hukuncin dagaci shi ne in yi masa ɗiba a madadin abin da rundunata ta tattake. Zuwan kawunnaina kuma aka ɗage shi har bayan kaka, wai sai an ƙara bincike a kan hankalina. Rabi ta yi kwanaki ba ta fito zance ba, da ta fito kuma gaisuwarta ta farko ita ce, "Sannu da zuwa, ya teku?"

An dai ba ni ita daga ƙarshe. Amma har yau daga Kura zuwa Kadawa ba mai kirana da sunan yanka, Kolombos ne, har 'ya'yana 'ya'yan Kolombos ake ce musu. In na je gaida surukina yakan ce da yara, "Ku duba min aljihunsa, ko ya zo da tuta."

Har yanzu ina koyar da darasin, amma a cikin aji, ƙofa a rufe, kuma daga ɓangaren masu gona nake farawa. Na kuma gane cewa shi Kolombos ba wayo ya fi ni ba. Bindiga ya je da ita, kuma ba 'yar mai gonar yake nema ba.