Rasuwar Ƙarfen da Ba Mu San Aikinsa Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni babban ɗan kafinta, a madadin mahaifiyata da ƙanwata da mahaifina wanda ba ya iya magana, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan cinikinmu rasuwar wani dattijon ƙarfe da muke kira Bakin Aku. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙofar shagonmu, a hannun Baffa, yayan mahaifina. Ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Bakin Aku ba sunansa ba ne. Ƙanwata Auta ce ta raɗa masa, saboda lanƙwasar kansa. Sunansa na gaskiya yana bakin Baba, bakin Baba kuwa ya rufe tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburin aiki, ɓarinsa na dama ya shanye.

Ga wanda bai san marigayi ba: tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Hannaye biyu gare shi kamar filaya, da sifirin a tsakaninsu. A kansa akwai 'yar tsaga, da ɗan faifai mai lambobi da suka goge. In ka matse shi, wani ɗan harshe ya leƙo daga ciki ya ce ƙyat. In ka sake shi ya koma. Iyakar maganarsa ke nan a duniya. A ƙasan akwatin kayan aikin Baba na same shi, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ko zartunan Baba ba su samu wannan gata ba.

Marigayi mai haƙuri ne ƙwarai. An sa shi aikin da ba nasa ba, bai taɓa ƙorafi ba. Umma ta ja lagwanin risho da shi. Auta ta matse zif ɗin jakar makarantarta da shi. Maƙwabciyarmu ta ara don ta gyara wayar shanya, ta dawo da shi tana cewa ba ya riƙo. A ƙarshe aka rataye shi a kicin, kusa da ludayi.

Na sha yawo da shi a aljihu ina tambaya. Mai gyaran takalmi ya juya shi ya ce na huda bel ne, amma ya lalace. Makaniki ya ce na matse waya ne. Mahauci ya rantse da irinsa ake tsaga kunnen awaki. Na je wurin samarin kafintocin bakin titi, masu injin yanka, babbansu ya matsa shi sau biyu ya miƙo mini.

"Abokina, kai wa 'yan gwangwan. Mu nan ko zarto ne ya dakushe, yarwa muke mu sayi sabo."

Na tambayi kowa a garin nan, ban da mutum ɗaya. Shi kuwa yana kwance a bayan bangon shagon, gadonsa jingine da bangon.

Akwai dalili. A farkon jinya Baba ya hango guduma a hannuna, ya yunƙura zai tashi, ya faɗo daga gado ya fasa goshi. Tun daga ranar Umma ta kafa doka: kada a sake shigar masa da kayan aiki ɗaki, ko ƙusa ce. Doka ce ta ƙauna, kowa ya bi.

Doguwar jinyar da ta kai mu ga wannan rashi ba a jikin marigayi ta fara ba. A jikin zartuna ta fara. Da na gama sakandare sakamakona bai kai ni ko'ina ba, sai na zauna a shago. Abin da na iya shi ne gugar katako da buga ƙusa da riƙe wa Baba ƙarshen falanki. Kula da zarto bai kai ga koya mini ba. Na dai sha ganinsa yana wasa haƙora da magagari, don haka da shagon ya dawo hannuna, duk zarton da ya dakushe sai in wasa shi. Na wasa, na sake wasawa. Haƙoran suka yi kaifi har suna yanka yatsa, amma da zarton ya nutse cikin katako sai ya maƙale. A hannun Baba zur-zur-zur yake cewa. A hannuna sai ƙiiii, ya tsaya, ya lanƙwashe, yankan ya kauce daga layi.

Duk sanda ya yi wannan kukan, sai in ji bugu a bango. In shiga ɗaki in tarar da Baba ya ɗaga hannunsa na hagu mai lafiya, yana damƙewa yana buɗewa, idonsa a kaina.

"Ƙwallo yake so," in ji Umma. "Ai malamar asibiti ta ce a riƙa ba shi yana motsa hannu."

Aka sa masa ƙwallon roba a tafi. Ya yi jifa da ita ta kifar da kofin magani. Umma ta ɗauko ta mayar masa, tana cewa ciwo ne ke sa shi zafin rai. Haka muka cinye damina guda: zarto ya yi kuka, bango ya amsa, a kai wa Baba ƙwallo.

Masu kawo aiki suka fara janyewa. Mai shagon magani, wanda ya ba ni aikin kanta saboda mutuncin Baba, ya zo ya dubi yankana, ya kira mai kura ya kwashe katakonsa. Da yamma Baffa ya iso. Ginin shagon gadonsu ne shi da Baba, yana da bakin magana.

"Kai yaro, katako ba jarrabawa ba ne da za ka yi ta maimaitawa. Na samu mai aski, ƙarshen wata zai shigo shagon."

"Baffa, Baba yana jin shagon nan ta bango. Ranar da ban buɗe ba ko abinci ba ya ci."

"To zai ji ƙarar injin aski. Shi ma sauti ne."

Ranar Talata Baffa ya dawo don ya sauke allon sunan shago da ke saman ƙofa. Ya hau benci, ƙusa ɗaya ta ƙi fita. Marigayi yana kan tebur, don na ɗauko shi daga kicin da niyyar kai wa wani tsohon mai gyaran agogo ya duba.

"Miƙo mini wancan abin cire haƙorin."

"Baffa, na Baba ne."

"Babanka ni na goya shi. Miƙo."

Ya cusa tsagar a kan ƙusar, ya danna, bai samu riƙo ba. Sai ya ɗauki guduma ya buga. Marigayi bai ce ƙyat ba. Tas ya ce. Kansa ya faɗo gaban ƙofa, hannu ɗaya ya rage a wurin Baffa, ɗan harshen ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ƙusar tana nan daram. Baffa ya dubi abin da ke hannunsa ya ce dama ƙarfen banza ne.

Auta ce ta tsinci gawar. Haushi ya sa ta manta doka, ta faɗa ɗaki da gutsattsarin a hannu.

"Baba, ka ga Baffa ya karya mana abin gyaran zif!"

Sautin da ya fito daga maƙogwaron Baba ba zan rubuta shi ba. Daga shago na ji, na shigo a guje. Ya karɓi kan marigayi, ya nuna bango da haɓa, ya yi ta nunawa har na gane. Na ɗauko babban zarto. Umma ta tsaya a ƙofa za ta hana, ta dubi fuskarsa, ta matsa gefe.

Na riƙe masa zarton a cinya, haƙora suna kallon sama. Ya ɗora tsagar marigayi a kan haƙori ɗaya. Ta zauna cif, kamar tare aka ƙera su. Ya damƙe hannu, irin damƙar nan da muka yi ta kai wa ƙwallo. Ya tsallake haƙori ɗaya, ya ɗora a na gaba, ya damƙe. Sannan ya ɗaga yatsa ya karkata shi hagu, ya karkata shi dama.

Ga aikin marigayi, ga duk wanda ya ba ni amsa a kasuwa. Haƙoran zarto ba a layi ɗaya suke tsayawa ba. Ana ɗan karkata wannan hagu, na bayansa dama, har ƙarshe, domin hanyar da suke buɗewa ta fi jikin zarton faɗi ya samu wucewa. Marigayi shi ne mai karkatarwar. Ni kuwa kowace wasawa ina cinye karkatar, har haƙoran suka miƙe sambal. Maganin yana rataye kusa da ludayi. Baba ya sani, ya yi ta faɗa da hannun da ya rage masa.

An kai marigayi wurin mai walda. Ya ce ƙarfen zubi ne, ko ya liƙa shi matsa ɗaya zai sake ɓallewa, kuma ba harshe ba aiki. Na zura hannu a kwata har gwiwar hannu. Ban samu ba.

Marigayi ya rasu ya bar babban zarto na tsaga falanki, da matsakaici, da siriri na yanka haɗi, dukansu masu kaifi, ba mai iya wuce katako. Ya bar magagari, abokin aikinsa na shekaru, wanda ya yi ta ɓarna shi kaɗai bai sani ba. Ya bar ƙaramin zarto, wanda ya zama mai giɓi bayan rasuwar, domin Baba ya nuna mini a iya gwadawa da dakusasshiyar ƙusa da 'yar guduma, na gwada a gabansa, hannuna ya yi nauyi. Da haƙorin ya ɓalle Baba bai yi gurnani ba. Ya juya fuska bango. Marigayi ya kuma bar Umma, wadda tun ranar ba ta ce komai a kan doka ba, sai dai na ga ƙwallon roba a kwandon shara.

Ana zaman makoki a shago, daga safe zuwa la'asar, har ƙarshen wata. Bayan nan wanda ya zo zai tarar ana aski. Ba ma buƙatar a kawo mana komai. Mai son yi mana ta'aziyya ya buɗe akwatin kakansa, ya duba bayan ƙofar kicin, ya leƙa buhun da ya tara wa 'yan gwangwan. In ya ga wani ƙarfe mai hannu biyu da tsaga a ka, wanda ba wanda ya san amfaninsa, ɗan'uwan marigayi ne. A kawo shi kafin wata ya ƙare. Aro ma ya isa. Yini ɗaya nake nema, in gyara zarto ɗaya, in tsaga falanki ɗaya daga farko har ƙarshe Baba yana ji.

Baffa yana iya zuwa gaisuwa. Ba a nemi ya taɓa komai ba.

Maganar binnewa kuwa, an ɗaga ta. Kan marigayi yana wurina. Hannunsa yana hannun Baba tun da aka dawo daga wurin mai walda, kuma ya ƙi saki. Umma ta yi lallashi don ta wanke masa tafi, ya ƙara damƙewa. Da shi yake barci. Ba a rufe rabin gawa, saboda haka za mu jira. Ranar da ya saki za a haɗa su a rufe.

Muna roƙon kada kowa ya tambaye mu yaushe.