Gadon Amarya a Ɗakin Haihuwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai suturta bayinSa a inda suka kasa suturta kansu, Mai yaye suturar kuma idan yayewar ce ta fi musu alheri. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da baƙi daga Kano suka ziyarci ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke mazaɓar Beli. Ni ne shugaban kwamitin da ke kula da shi. (Ba don na san magani aka zaɓe ni ba. An dai ga furfura, an ga ina karantar da fiƙihu a zaure.) Halin asibitin kuwa shi ne: rufin ɗakin haihuwa yana yoyo, gadonsa ƙafa ɗaya a kan bulo take, kuma babu firjin ajiye allurar rigakafi. Da damina, idan ruwan sama ya sami mace tana naƙuda, sai a ɗora ta a babur zuwa Rogo.

Jami'in asibitin, Malam Sabi'u, ya tafi taro Ƙaraye, sai ya bugo mini waya ya ce, "Baba Malam, ranar Laraba zan dawo da baƙi masu bin diddigin kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya. A shirya musu."

To, a garinmu shirya wa baƙo ma'anarsa ɗaya ce: kada ya ga tsiraicin gida. Idan surukai za su zo, tabarma ma aronta ake yi. Ga shi kuma mun karanta cewa Allah Ya yabi mabuƙatan da wanda bai san su ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Na haɗa al'ada da hujja, na ga sun dace, na tara kwamiti na yi musu bayani har da larabci. Babu wanda ya yi musu. (Wannan ita ce illar zama malami: ko ka kauce hanya, jama'a na biye da kai suna cewa "na'am".)

Muka aro kujeru daga islamiyya, janareta daga mai cajin waya, firji daga Alhaji Ɗanladi mai sayar da kayan sanyi a tasha. Saura gado. Sai na tuna jikata Hauwa'u za a ɗaura wa aure ranar Juma'a, kuma kayan ɗakinta suna ajiye a gidana. Na tambayi mahaifinta, wato ɗana, ya sunkuyar da kai ya ce to. Mata kuwa ban gaya musu ba, domin na san jere sai Alhamis. Gado ne mai madubi a allon kai, an sassaƙa masa furanni, katifarsa ko leda ba a cire ba. Muka kafa shi a ɗakin haihuwa, muka rufe ɓarakar silin da labulen amarya mai ƙyalli, na sa aka turara ɗakin. Na tsaya na duba, na ce alhamdulillahi, yau an rufa wa gari asiri.

Da hantsin Laraba suka iso. Malam Sabi'u ya shiga gaba, ya leƙa, ya koma waje ya ɗaga kai ya karanta allon asibitin, sannan ya dawo ya yi sallama kamar baƙo. Na ƙifta masa ido. Ya juya ya gabatar mana da baƙin.

Shugabar tawagar likita ce, Hajiya Binta, mace mai natsuwa. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, aikinmu shi ne mu san wa ke ɗaukar nauyin me a kowane asibiti: gwamnati ce, ƙungiya ce, ko jama'ar gari. Da shi ake tsara inda za a kai taimako baɗi, don kada a tara wa wani wuri, wani ya rasa."

Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Ta dafa firji ta ce, "Wannan daga ina?"

Ƙarya ba ta halatta gare ni, don haka na ce, "Daga mutanen gari, Hajiya."

"Janareta fa?"

"Mutanen gari."

Da muka shiga ɗakin haihuwa ta tsaya ta daɗe tana kallon gadon, har ta ga fuskarta a madubi. Ta ce, "Tun da nake aiki ban taɓa ganin gadon haihuwa mai furanni ba. Shi ma mutanen gari ne?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Sai ta juya ga abokin aikinta ta ce, "Masha Allah, mutanen nan sun tsaya wa asibitinsu. Ba su da matsalar gado ko firji ko rufi. Mu ba da shawara a tura nasu kason can wajen Gwangwan, inda muka ga ba su da komai."

Jama'a, a nan ne na gane ɓarnar da na yi. Da hannuna na rufe ramin da suka zo nema. Idan na yi shiru, matan ƙauyenmu za su ci gaba da hawa babur cikin naƙuda. Idan na yi magana, dattijon da ke karantar da gaskiya a zaure zai ce wa baƙuwa gadon aro ne. Ina so in ce muku nan take na zaɓi gaskiya, amma abin da na yi shi ne gyaran murya, da gyaran rawani, da sake gyaran murya.

Allah da Ya san raunin bawanSa sai Ya aiko da ƙanwata Tabawa. Ta faɗo ɗakin, mata na biye da ita.

"Yaya! Ashe nan gadon yake? Mun karaɗe gari, har an fara zargin maƙwabta! Dangin ango sun matso da jere yau, ga mota can tana jira."

Na ce, "Tabawa, muna da baƙi."

"Sannunku da zuwa, baƙi, ya hanya?" Ta juyo kaina. "Yarinya ko kwana ɗaya ba ta yi a kansa ba, ka kai shi ɗakin haihuwa? Gaggawar me kake yi haka, Yaya? Ka bari a ɗaura auren tukuna mana!"

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ban san dalili ba har yau. Wata ta ce, "Kai, ga labulen ma!" Ta fizgo shi, sai ga ɓarakar silin baki buɗe, har da ɗan hasken rana yana leƙowa. Abokin aikin Hajiya ya koma ya buɗe firji a hankali. Zoɓo ne da kunun aya a jere, domin Alhaji Ɗanladi ya ga bai kamata kayansa su rasa sanyi ba alhali ga janareta na aiki.

Hajiya Binta ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta samu ta tsaya sai ta ce, "Baba, kun karrama mu, mun gode. Amma mu abin da babu muka zo gani."

Na ce, "Hajiya, ku zauna ku sha zoɓo. Abin da babu ɗin kuwa, yanzu za a kawo muku shi."

Na naɗe hannun riga na kama kan gado, Malam Sabi'u ya kama ƙafa, Tabawa na ba mu umarni kada mu fasa madubi. Muka dawo da tsohon gadon da bulonsa. Sannan na zagaya da baƙi karo na biyu, ina nuna musu kowane yoyo da kowace tsaga da irin ƙwazon da na ɓoye su jiya.

Daga baya an gyara rufin, an kuma kawo firji mai aiki da hasken rana. Gado dai muna jira. Da Hauwa'u ta haifi ɗanta na fari a ɗakin nan, na je barka, ta dube ni ta ce, "Kaka, ai da ka bar gadona a nan da na huta da bulo."

Abin da na koya shi ne, hujjar da na kafa daidai ce, muhallinta ne na kuskure: kamun kai a gaban mai kyauta ado ne, amma a gaban wanda aka aiko ya auna buƙata, zaluntar masu buƙatar ne. Kuma duk malamin da zai ari kayan amarya, ya fara neman fatawa wajen gwaggonninta da kakanninta mata.

Allah Ya ba mai karatu da iyalinsa lafiya mai amfani, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya rufa mana asiri da suturarSa, ba da labulen aro ba. Amin.